Wata Shida, Shekara Ɗaya ko Biyu: Zaɓen Kwalejin Koyon Gyaran Injin Iska a Amurka

Ɗan yayata ne ya kira ni da daddare, bayan ya tashi daga aikin lodin kaya a wani sito a New York. Shekararsa uku a Amurka, yana da katin zama na dindindin, kuma kafin ya tafi ya yi shekara huɗu yana bin maigidansa aikin wayarin a Kano. Ya ce, "Kawu, kwalayen nan sun fara cin bayana. Na ji ana ɗaukar masu gyaran manyan fankokin nan da ke ba da wuta. Wata makaranta ta ce mako shida, wata ta ce wata shida, wata kuma shekara biyu. Wacce zan shiga?" Abokin zamansa, wani yaro ɗan Maraɗi da bai taɓa riƙe sufana ba, shi ma ya ce ƙafarsa ƙafar ɗan yayan nawa.

Na ce su ba ni lokaci. Da na gama bin diddigin lamarin, amsar da na samo wa ɗayan ba ita na samo wa ɗayan ba, dalilin bambancin kuwa yana cikin aikin kansa.

Injin iska na zamani hasumiya ce ta ƙarfe kamar ƙaton bututu, tsayinta mita 80 zuwa 100, sababbi ma kan haura haka. A gindinta akwai 'yar ƙofa. In ka shiga ka ɗaga kai, tsani za ka gani ya miƙe ƙyam har idonka ya gaza. Can sama akwai ɗakin inji mai girman doguwar bas, a ciki ne giyabos da janareta da birki da akwatunan waya suke. Fukafukai uku suna juyawa a hankali, sau 10 zuwa 20 a minti, sai giyabos ya ninka juyin har ya kai wajen 1,500 ko 1,800, yadda janareta yake so. Akwai na'urorin da ke karkata kowane fiffike daidai ƙarfin iska, akwai kuma waɗanda ke juya ɗakin ɗungurungum ya fuskanci inda take kaɗowa. Duk wannan wata kwamfuta ce ke kula da shi, tana jin zafin mai, tana jin girgiza, in ta ga abin da bai yi mata ba ta tsayar da injin.

Aikin mai gyara kashi biyu ne. Na farko shi ne na kullum: sa giris, canza tata, duba bakin mai, bin ɗaruruwan notuna ɗaya bayan ɗaya a tabbatar kowanne ya ɗauru daidai awon da aka rubuta, goge man da ya zuba. Yaro mai ƙarfi da natsuwa zai iya wannan cikin 'yan watanni. Na biyun shi ne ranar da inji ya tsaya, allo ya nuna wata lamba, aka miƙo maka littafin zanen wayoyi mai shafi bila adadin da mitar gwada wuta, aka ce nemo. Ka sa kwaɗonka a makunni don kada wani ya kunna kana ciki, ka gwada ka tabbatar wuta ta mutu, ka tuna cewa akwai batura da ma'adanan caji da kan riƙe wuta ko bayan an kashe, sannan ka bi waya daga wannan akwati zuwa wancan har ka iske ɗan abin da ya kwance ko ya ƙone. Wataƙila bai fi ɗan yatsa ba, amma ya tsayar da injin miliyoyin daloli, kuma kowace sa'a da ya yi a tsaye asara ce ga mai shi. Wannan kashi na biyu shi ne sana'ar. Shi ke raba mai bin umarni da wanda ake kira in abu ya gagara. Don haka ma'aunin da na auna kowace makaranta da shi ɗaya ne: nawa take koyarwa na ilimin lantarki da gano matsala, kuma a kan wane irin inji?

Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta ce a watan Mayun 2023 matsakaicin albashin masu wannan aiki dala 61,770 ne a shekara, kuma ta yi hasashen guraben za su ƙaru da kashi 60 cikin ɗari tsakanin 2023 da 2033. Wannan kashi 60 shi masu tallar makarantu ke ɗagawa sama. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, duk faɗin ƙasar masu aikin ba su wuce kusan 11,400 ba a 2023, gurbin da ake sa ran zai buɗe kuwa kamar 2,100 ne a shekara. Sana'a ce mai saurin girma, amma ƙarama ce, kuma sabon shiga ba a matsakaicin albashi yake farawa ba. Wanda ya shiga da lissafin cewa kamfanoni za su yi layi a ƙofarsa don ya riƙe wata takarda, ya yi lissafin dokin rano.

Hanya mafi gajarta ita ce ta makarantu masu zaman kansu. Airstreams Renewables da ke Tehachapi a Kalifoniya tana yin kwas na 'yan makonni, tsofaffin sojoji na yawan zuwa can. Northwest Renewable Energy Institute da ke Vancouver ta jihar Washington nata kamar wata shida ne. Ba zan ce ba su da amfani ba. Suna koyar da hawa, da ceto abokin aiki daga sama, da tsaron rai, kuma suna da hulɗa da masu ɗaukar ma'aikata. Sai dai an gina mafi gajartarsu ne don wanda ya zo da sana'a a hannu, kamar sojan da ya yi shekaru yana gyaran jirgi. Ba a dafa ilimin lantarki a mako shida. Kuɗinsu kuma, in an kwatanta da yawan kwanakin, ya fi na kwalejin gwamnati ciwo nesa ba kusa ba. Shi ya sa na karkata ga kwalejojin al'umma, wato makarantun gwamnati na shekara biyu da gunduma ko jiha ke riƙewa, waɗanda a wajenmu za a iya kamanta su da kwalejin fasaha mai ba da difloma.

Uwar ɗakinsu a wannan fanni ita ce Iowa Lakes Community College da ke Estherville, wani ɗan gari mai mutum kamar dubu shida a arewacin jihar Iowa, dab da iyakar Minnesota. A 2004 ta buɗe sashenta na injin iska, ita ce ta farko a ƙasar da ta fara ba da digirin shekara biyu a kansa. Tana da nata injin na gaske, ƙirar Vestas mai megawat 1.65, wanda ɗalibai ke hawa. Akwai difloma ta gajeren zango, akwai digirin shekara biyu, kuma a tsakanin shekarun ɗalibi kan fita aikin gwaji a wajen kamfani lokacin bazara. Wannan fitar tana da muhimmanci ƙwarai, domin a nan ne shugaban ma'aikata ke ganin hannunka da halinka kafin ka nemi aiki. Ga shi kuma jihar Iowa na samun fiye da rabin wutarta daga iska, wato tsofaffin ɗaliban makarantar na shekara ashirin sun watsu a gonakin iskar yankin, filayen da aka jera injinan, wasunsu yanzu su ne masu ɗaukar ma'aikata. Farashin duk wannan shi ne sanyi. Hunturun arewacin Iowa ba irin na Jos ba ne, ƙanƙara ce wata da watanni, kuma ƙarfen tsani ba ya tausayin yatsu.

A kudu akwai Texas State Technical College, reshenta na Sweetwater. Ita ba ta gunduma ba ce, ta jiha ce, amma tsarin karatun iri ɗaya ne, satifiket ko digirin shekara biyu. Teksas ta fi kowace jiha yawan injinan iska, ƙarfinsu ya haura megawat 40,000, kuma Sweetwater tana tsakiyarsu. Gonar iska ta Roscoe, mai injina 627 da megawat 781.5, wadda aka kammala a 2009, tana nan kusa, makarantar ma tana da nata injin mai megawat 2 a wajen. Abin da ya fi burge ni game da ita wani abu ne daban. Jihar ba ta biyan wannan makaranta bisa yawan ɗaliban da suka cika aji, tana biyanta ne gwargwadon albashin da ɗalibanta suke samu bayan sun fita. Makarantar da tuwonta ya dogara da samun aikinka ba za ta bar ka da takarda kawai ba. Ga ɗan Sahel kuma, yammacin Teksas ƙasa ce da jiki zai gane: fili fetal, ƙura, rana, gonakin auduga. Amma zafin cikin ɗakin inji a watan Yuli, ƙarfe ya sha rana, giyabos yana huci, shi ma jarrabawa ce.

Mesalands Community College a Tucumcari ta jihar New Mexico ta kafa injin kamfanin GE mai megawat 1.5 a harabarta a 2008. Ba sai an ɗebi ɗalibai a mota an kai su daji ba, daga aji sai hasumiya. Injin GE na wannan girma yana cikin waɗanda aka fi kafawa a Amurka, don haka wanda ya koya a kansa zai yi ta cin karo da 'yan uwansa a wurin aiki. Tana da gajeren satifiket, tana da digiri. Lake Region State College a Devils Lake ta North Dakota ita ma tana da nata injin GE, sai dai sanyinta ya fi na Iowa.

Cloud County Community College a Concordia ta jihar Kansas ta bi wata hanya. Injinan da take da su ƙanana ne in an kwatanta da na Iowa Lakes ko Mesalands, amma ta buɗe rassa biyu da sauran ba su cika ba wa ƙarfi ba: gyaran fukafukai, da aikin tashar rarraba wuta. Fiffiken injin iska da zaren gilashi da ƙaro ake yin sa, tsawa na fasa shi, ruwa da ƙura na cinye bakinsa, kuma gyaransa sana'a ce mai zaman kanta wadda ta fi kama da aikin mai gyaran bodin mota, sai dai a rataye. Aikin tashar rarraba wuta kuwa a ƙasa ake yin sa, tsakanin taransifoma da manyan makunnai, kuma duk inda ake da wuta ana bukatarsa, ko da iska ko babu.

Sai Kalamazoo Valley Community College a Mishigan, wadda tsarinta ya fita daban. Tun 2009 take gudanar da horo na kusan wata shida, yini cur, kwana biyar a mako, kamar mutum yana zuwa aiki. Ta ɗauko ma'auninta daga BZEE, cibiyar horon ma'aikatan makamashi ta Jamus, kuma tana tantance masu nema kafin ta ɗauka, har da gwajin hawa. Ɗalibai na fita su yi aiki a kan injinan da ke gudana. A cikin dukkan gajerun hanyoyi wannan ce na fi yarda da ita, domin awoyin da ake zubawa a wata shidan suna da yawa. Sai dai a lura da abu biyu. Ba a tsara horon bisa kiredit irin na darussan digiri ba, don haka mai niyyar ci gaba da karatu nan gaba ya tambaya a rubuce me za a lissafa masa. Na biyu, mai karatu yini cur ba zai iya riƙe cikakken aiki ba, dole ya tanadi guzurin wata shida kafin ya taka ƙafa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wata kwaleji da labarinta ya ƙara mini ƙarfin gwiwa kan ma'aunin da na ɗauka. Columbia Gorge Community College a garin The Dalles na Oregon tana cikin na farko-farko da suka fara horar da masu gyaran injin iska, amma daga baya ta sauya wa sashen suna, ya koma na fasahar lantarki da injina gaba ɗaya. A garin akwai babbar madatsar ruwa mai ba da wuta, akwai kuma cibiyar ajiyar bayanai ta Google. Duk wuraren nan mutum ɗaya suke nema: wanda ya iya karanta zanen waya, ya san injin juyawa mai aiki da wuta, ya san haidrolik, wato injinan da ke aiki da matsin mai, ya san kwamfutar da ke tuƙa inji. Injin iska ɗaya ne kawai daga cikin gidajen da wannan ilimi ke shiga.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, saboda dalili biyu. Na farko gwiwa. Hawa mita 80 da saukowa, wani lokaci sau biyu ko uku a yini, ko da akwai na'urar da ke rage wa mai hawa nauyi ko ɗan lif a wasu hasumiyoyin, aiki ne na ƙuruciya. Wanda ya shiga yana da shekara 24 ya kamata ya san abin da zai ci da shi in ya kai 45. Na biyu siyasa. Dokar rage tsadar rayuwa ta 2022 ta zuba wa harkar iska rangwamen haraji, gini ya yi ta tashi. A watan Janairun 2025 Shugaba Trump ya dakatar da ba da sababbin filayen teku don injinan iska, sannan dokar da ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta gajarta wa'adin rangwamen. Injinan da aka riga aka kafa, dubbai ne, suna nan suna bukatar giris da gyara ko wa ke mulki. Amma aikin kafa sababbi yana hawa yana sauka da zaɓe. Mai takardar hawa kaɗai, in harka ta ja baya, sai ya koma sito. Mai ilimin lantarki kuwa sai ya tsallaka gonar hasken rana, ko masana'anta, ko kamfanin wuta.

Game da takardar da za ka ji kowa yana ambata, GWO: ƙungiya ce da manyan kamfanonin iska suka kafa a 2012, hedikwatarta a Kopenhagen ta Denmak. Horonta na tsaron rai ya ƙunshi aiki a sama, taimakon gaggawa, sanin gobara da ɗaga kaya ba tare da jin rauni ba, sai tsira a ruwa ga masu aikin teku. 'Yan kwanaki ake yi a gama, kuma duk wata 24 sai an sabunta. Tana da wani horon na farkon fasaha kan injina, lantarki da haidrolik. In kwaleji tana ba da ita a cikin kuɗin makaranta, madalla, riba ce. Amma kada ta zama ita ce dalilin zaɓe, domin kamfanoni da dama su ke tura sabon ma'aikaci ya yi ta da kuɗinsu. Wanda ya same ta a zangon farko na karatun shekara biyu ma, kafin ya fita ta kusa mutuwa.

Yanzu kuɗi. Matsakaicin kuɗin karatu a kwalejin al'umma ga ɗan gunduma wajen dala 4,000 ne a shekara, baƙon da ya zo daga wata jiha kuwa yakan biya fiye da haka, wani wurin ninki. Kowace jiha da ƙa'idarta ta zama ɗan gida, a Teksas shekara guda ce. Mai katin zama na dindindin yana da damar cike fom ɗin FAFSA ya nemi tallafin karatu na gwamnatin tarayya da ake kira Pell, wanda ƙololuwarsa ta kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, kuma kyauta ce, ba bashi ba. Ga mai ƙaramin albashi wannan kan iya rufe kuɗin karatun satifiket ko digiri a kwalejin gwamnati. Wasu jihohin suna da nasu ƙarin ga mazaunansu, kamar New Mexico, da Mishigan mai tallafa wa waɗanda suka kai shekara 25 su koma aji. Gajerun kwasa-kwasan 'yan makonni kuwa an daɗe Pell ba ya shiga cikinsu. Dokar Yulin 2025 ta buɗe ƙofa ga wasunsu daga Yulin 2026, amma sai wanda ya cika sharuɗɗa, saboda haka a tambayi ofishin tallafi na makarantar kafin a sa hannu a kowace takardar bashi.

Sai dai tsadar shekara biyu ba a kuɗin makaranta take ba. Tana cikin albashin shekara guda da ka bari ya wuce, ga haya, ga 'yan gida suna jiran saƙo ƙarshen wata. Na san nauyin wannan, ba na raina shi. Abin da ke sauƙaƙa shi shi ne yawancin kwalejojin nan sun jera karatun kamar matakala: darussan satifiket na shekarar farko su ne rabin digiri. Mutum na iya yin shekara guda, ya kama aiki, ya dawo ya ƙarasa daga baya, wani kamfanin ma yakan taimaka da kuɗin. Wannan tsari shi ne babbar fifikon kwalejin gwamnati a kan gajeren kwas, wanda in ka gama shi ka gama, babu abin da za ka ɗora a kai.

Akwai abubuwan da babu makarantar da za ta gyara maka. Lasin tuƙi mai tsabta, domin motar kamfani za a ba ka. Gwajin ƙwaya. Nauyin jiki: ɗamarar tsaro da igiyoyinta galibi an yi su ne su ɗauki fam 310, kimanin kilo 140, har da takalmi da kayan aiki, kuma kamfanoni da dama kan sa iyakar da ba ta kai haka ba. Sai tsoron sama, wanda mutum ba ya sanin yana da shi sai ya kai rabin tsani ƙafa ta fara rawa. Duk makarantar da za ka zaɓa, ka roƙi a bar ka ka gwada hawa kafin ka biya. Sai kuma Turanci da lissafi, domin za a yi maka gwajin tantance matsayi, wanda ya gaza kuma sai ya yi zango guda yana share fage.

Na faɗa musu wata gaskiyar da ba ta cikin takardun talla. Iska ba ta zama a birni. Estherville, Tucumcari da Concordia garuruwa ne na mutum dubu biyar ko shida. Wanda ya saba da unguwar Bronx ta New York, inda masallaci yake kusa, ga mai naman halal, ga Hausa ana yi a bakin titi, zai ji kaɗaici a can. Sallar Juma'a kan iya zama tafiyar sa'a guda ko fiye. Daga Sweetwater sai an yi kamar kilomita 65 a kai Abilene. A nan Kalamazoo ta yi zarra, birni ne mai jami'a da masallaci da al'ummar Musulmi. Amma ko a ina ka yi karatun, aikin ƙauye zai kai ka. Ma'aikacin da ke zaune a gona ɗaya yana kwana a gidansa. Mai yawo daga jiha zuwa jiha yana samun kuɗin guzuri da na ƙarin lokaci, ya fi tara kuɗi, amma makonni yake yi a masauki. Azumi a cikin ɗakin inji ma abin tsarawa ne tun da wuri tare da shugaban aiki, tunda ba a hawa sai mutum biyu, kuma ran abokinka yana hannunka.

Ga wanda ke gida yana karanta wannan da niyyar neman biza, shawarata ta bambanta. Ɗalibin waje ba ya samun Pell, kuɗin baƙo zai biya, kuma izinin aiki bayan karatu gajere ne: wata 12 ga mai bizar karatu ta F-1, iyakar wata shida ga mai M-1 ta koyon sana'a. A Yunin 2025 Amurka ta rufe ƙofa ga 'yan Chadi da Sudan, a Disambar shekarar ta ƙara Nijar, ta kuma taƙaita wa 'yan Najeriya wasu nau'o'in biza har da ta ɗalibai. In kuma niyyar a dawo gida ne a yi aikin, a dubi abin da ke ƙasa. Gonar iskar Lambar Rimi a Katsina, wadda aka faro tun Umaru Musa 'Yar'adua yana gwamna, injina 37 ne ƙirar Vergnet ta Faransa, kowanne kilowat 275, jimilla megawat 10, kuma ta sha tsaiko, musamman bayan sace injiniya Francis Collomp a Rimi a Disambar 2012. Injin Mesalands guda ɗaya ya fi biyar na Rimi ƙarfi. Manyan gonakin iska na Afirka suna wasu wurare, kamar Tafkin Turkana a Kenya mai megawat 310 da Taiba N'Diaye a Senegal mai kusan 159. Mai son horo a nahiyar ya duba cibiyar SARETEC da ke Cape Town a Afirka ta Kudu. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar kuwa, abin da ke cin kasuwa yau sola ce, inbata da batura da famfon rijiyar burtsatse, kuma ilimin lantarkin nan ne dai ke buɗe ta.

Ga ɗan yayata na ce, "Kai ka riga ka san waya, wuta ta taɓa jan ka, ka san girmanta. Abin da ya rage maka shi ne karatun zane, kwamfutar inji, haidrolik, da takardar da Amurka ta sani. In kana da guzurin wata shida, nemi Kalamazoo. In babu, ka yi satifiket na shekara guda a Sweetwater, kana ɗan aiki da yamma, ka bar ƙofar digiri a buɗe." Ga abokin nasa kuwa na ce kada ya kuskura ya ci bashi don kwas ɗin mako shida. Shi shekara biyu ce tasa, a Iowa Lakes ko Sweetwater ko Mesalands, inda zai fara daga sanin bambancin volt da amfiya, ya hau injin gaske sau da yawa, ya fita aikin gwaji kafin ya gama. In kuma ya gwada tsani ya ga ba nasa ba ne, sashen tashar rarraba wuta na Concordia yana nan.

Na ba su tambayoyin da za su yi wa kowace makaranta ta waya, su kuma nemi malamin sashen da kansa, kada su tsaya a mai karɓar baƙi. Injin naku yana juyawa a yanzu, ko a tsaye yake? Sau nawa ɗalibi ke hawa kafin ya gama? Darussa nawa ne na lantarki zalla? A ajin bara mutum nawa suka fara, nawa suka gama, nawa suka samu aiki, kuma a wane kamfani? Malamin da ke koyar da gano matsala, shekara nawa ya yi a sama?

Bayan mako biyu ɗan yayan nawa ya sake kira. Ya cike FAFSA, ya aika sakamakonsa na WAEC a tantance, kuma wani malami a Teksas ya ce ya zo ranar buɗe ƙofa ga baƙi, ya taho da takalmi mai ƙarfe a baki.